Yadda A Ke Hana Ruwa Cin Ƙasa a Kwari

Kai mai karatu, in kai mutumin Mafara ne, ko na Bakura, ko na Maradun, ba sai an kwatanta maka kwazazzabo ba, ka san shi. Watakila akwai ɗaya a bayan garinku, wanda yara ke tsallakewa da wasa sa'ad da ka ke yaro, yau kuwa ko raƙumi ya shiga ciki ba a hango tozonsa. Watakila ma ya riga ya cinye kunya goma a gonarka, yana neman ta goma sha ɗaya. Mutane su kan tsaya a bakinsa su riƙe baki, su ce ikon Allah. Gaskiya ne, kome da ikon Allah ya ke. Amma Allah ya sa wa kome sanadi. Sanadin wannan kuwa ba a ɓoye ya ke ba, maganinsa kuma yawancinsa yana hannun manomi. Abin da za mu duba ke nan cikin wannan darasi. Ka karanta sannu-sannu. In ka zo wurin da akwai lissafi, ka tsaya ka zana shi a ƙasa da kanka.

Da fari sai mu rarrabe sunaye, don kada mu ruɗe. Kwari shi ne wuri mai gangare inda ruwan tudu ke taruwa ya bi zuwa gulbi. In itatuwa sun yi duhu a cikinsa, sun rufe gaɓa da gaɓa, shi a ke kira kurmi. In kuwa an tsiraita shi, ruwa ya yanke shi ya yi zurfi, gaɓarsa ta miƙe tsaye kamar bango, to, ya zama kwazazzabo. Sau da yawa wuri guda ne ya ke amsa sunayen nan uku cikin zamanin mutum ɗaya. Tambayi tsofaffin garinku, za su nuna maka ramin da a dā su ke shiga cin kanya da ɗinya.

Nauyin ruwan sama

Ba kowa ya san yawan ruwan da ke sauka a gonarsa ba. Masu awo sun ce in an yi ruwa na inci 1, abin da ya zuba a kan eka 1 ya kai galan 22,600. Garwar kananzir tana cin galan 4. Raba ka gani: garwa fiye da 5,600 ke nan, a kan eka ɗaya tak, cikin ruwa ɗaya. A watan Agusta kuwa, sa'ad da damina ta yi tsaka a ƙasarmu, ruwan inci 2 cikin dare guda ba abin mamaki ba ne. Yanzu sai ka ƙidaya gonakin da ke bisa tudun da ke zuba cikin kwarinku. In eka 50 ne, ka ninka. Dukan ruwan nan, hanya biyu gare shi kaɗai: ko ya nutse cikin ƙasa ya amfani shuka da rijiya, ko ya gudu a bisanta ya kwashi abin da ya tarar.

Ɗigon ruwa kuma ba a hankali ya ke sauka ba. Manyan ɗigo na hadarin farkon damina su kan faɗo da gudun wajen mil 20 cikin sa'a. In sun sami ƙasa tsirara sai su farfasa ta, su watsa ta. Dubi gindin bangon ɗakinka bayan ruwa, za ka ga laka ta fantsamu ta hau shi har gwiwa. Laushin ƙasar da aka farfasa shi ke toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse, fuskar gona ta yi ɓawo, ruwa ya rasa mashiga, sai gudu. Ƙarfin ruwa kuwa ba daidai da gudunsa ya ke ƙaruwa ba, ya fi haka. In gudunsa ya ninka sau 2, ƙarfin da ya ke yankan ƙasa da shi ya kan ninka sau 4. Riƙe wannan da kyau, gama dukan dabarun da za a faɗa maka nan gaba, manufarsu ɗaya ce, watau a rage wa ruwa gudu.

Ga wani gwaji da za ka iya yi yau a ƙofar gida. Tara ƙasa tsibi biyu, girmansu ɗaya. Rufe ɗaya da busasshen ganye da ciyawa, ka bar ɗaya haka nan. Sami gwangwani ka huhhuda gindinsa da ƙusa, ka ɗaga shi daidai kafaɗarka, ka zuba wa ko wane tsibi ruwa buta ɗaya. Dubi ruwan da ke fitowa daga gindin ko wannensu. Na ɗaya kaɗan ne, garai-garai. Na ɗayan kuwa ja wur, ga shi da yawa, har ya fara tsaga wa kansa 'yan hanyoyi. Ka kira yara su gani, su ma darasinsu ne.

Aikin da kurmi ke yi ke nan. Rassan marke da kanya da giyayya su ke fara tare ɗigo. Ƙarƙashinsu ga geza da sabara da kalgo, ƙarƙashin waɗannan ga ciyawa, sa'an nan ga ruɓaɓɓen ganye shimfiɗe kamar tabarma. Gara da tsutsa suna huda ƙasa, ruwa yana bin hudar. Saiwoyi kuma sun sassaƙe gaɓa kamar taru. Amma fa ka lura, ba dogon itace kaɗai ke wannan aiki ba. In aka bar manyan itatuwa, aka share ƙarƙashinsu ƙaf, dabbobi suka cinye ciyawa, wuta ta lashe ganye, ruwan da ke ɗiga daga rassa zai daki ƙasa kamar babu itacen. Ƙananan nan da mu ke rainawa, da shara da mu ke ƙonewa, su ne rigar ƙasa ta ciki.

Yadda kwazazzabo ke tafiya

Abin mamaki ga kwazazzabo shi ne da baya ya ke tafiya. Ruwa yana gangarawa gulbi, shi kuwa yana hawa tudu. Je ka wurin da ya fara, inda mu ke kira kansa, ka tsaya gefe ka duba. Ruwa ya kan zo ya faɗa daga bisa kamar daga indararo, ya daki gindi, ya ƙwaƙule ƙasar ƙarƙashi har ya yi kogo. Ta bisa ta rasa abin da zai tallafe ta, sai ta rufta. Ruwa na gaba ya kwashe abin da ya rufta, ya sake ƙwaƙulewa. Haka kan zai yi ta ja da baya, taki ɗaya bana, taki biyar baɗi, har ya iske gona, ko hanya, ko maƙabarta. In ya yi zurfi kuma sai ya tsotse damshin gonakin da ke gefensa, dawa ta riƙa yaushi tun ba a ɗauke ruwa ba.

Farkonsa kuwa ba ya taka kara ya karya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata 'yar hanya ce da mata ke bi zuwa ɗiban ruwa, ƙafa ta daddaɓe ta ta yi kwarmi. Ko burtalin da manoma suka matse har shanu suka koma bin sawu ɗaya. Ko manomin da ya ja kunyarsa daga tudu zuwa gangare don ya fi sauƙin huɗa, ko wace kunya ta zama magudana. Ko kwalbatin hanyar mota, wanda ke tara ruwan wuri mai faɗi ya feso shi ta baki ɗaya. In ka bi babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ka riƙa duban ƙasan kwalbatoci, za ka ga inda ruwa ya yi wannan aiki. Sa'an nan ga gatari. Mai itacen wuta ya ɗauki rassa, mai gawayi ya zo ya ɗauki kirya da marke tun daga gindi, manomi ya biyo ya tumɓuke kututture, ya kai garmarsa har leɓen gaɓa don ya ƙara kunya biyu. Kunya biyun nan, su ne mafi tsada cikin gonarsa duka.

Ba ma zargin mai saran itace da mugunta. Tuwo ba ya dahuwa da iska, mai gawayi kuma iyali gare shi. Sai dai akwai itacen da ya kamata a sara, akwai wanda sararsa rushe gida ce.

To, ina ƙasar ta ke zuwa? Inci ɗaya na baƙar ƙasar sama, wadda ke ba da hatsi, sai ta yi ɗaruruwan shekaru kafin ta taru, ga shi ruwan dare ɗaya ya kan tafi da ita. Yashi mai nauyi ya kan zube a fadama ya binne shinkafar wani. Laka mai laushi ta wuce gulbi. A ƙasarmu kuwa mun san inda gulbi ke kai ta. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya zo ya tsaya a madatsar Bakolori kusa da Maradun. An fara ginin madatsar nan a 1974, aka gama a 1978, an kuwa gina ta don ta riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon ɗaki, watau awon tsawo da faɗi da zurfi. Ba da araha aka same ta ba. Garuruwa sun tashi, gonaki sun nutse, har jinin manoma ya zuba a watan Afrilu na 1980 a kan maganar diyya. Ruwa kuwa in ya tsaya sai ya sauke kayansa. Duk kwandon laka da ya kwanta a gindin tafkin nan, ya kori kwandon ruwa ke nan, wanda da an shayar da albasa da shinkafa da shi da rani a Mafara da Bakura. Kwarurrukan da ke ƙasa da madatsa kuma su kan zuba yashinsu cikin hanyoyin ruwan noman rani da magudanai. A 2014 gwamnati ta karɓi rance daga Bankin Duniya don gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, Bakolori tana cikinsu. Kuɗi su kan yashe hanyar ruwa, amma in tudu bai daina aiko da yashi ba, sai a sake yashewa. Ka ga ashe mai gonar tudu da mai fegin noman rani maƙwabta ne, ko ba su taɓa gaisawa ba.

Daga sama a ke farawa

Yawancin mutane in suka tashi yaƙi da kwazazzabo sai su nufi inda ya fi zurfi, su zuba shara da buhunan yashi, ko su gina babban bango. Ruwa na fari ya zo ya kwashe, ko ya kewaye ya buɗe sabuwar hanya, su ce ai mun gwada, ba ya jin magani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ramin da ka gani miki ne, ciwon yana bisa tudu, can a ke fara jiyya.

Ka juya kunyarka ta gitta gangare, ko wace kunya ta zama 'yar madatsa. In gangaren ya yi tsanani, ka jera duwatsu layi-layi a gicciye, tsayin taƙi ɗaya ya isa, ka ɗan binne na ƙasa. Amma lalle layin ya bi daidai, kada wani gefe ya fi wani tudu, in ba haka ba ruwa zai bi layin ya taru a wuri ɗaya ya fasa. Ido ya kan yi ƙarya a nan. Sami siririn tiyo mai haske irin na magina, ka cika shi da ruwa, ka ɗaure bakinsa biyu a jikin sanda biyu masu tsawo ɗaya. Inda ruwa ya tsaya daidai a jikin sandunan duka biyu, wuraren nan biyu tsayinsu ɗaya ne, sai a kafa turke a ci gaba. Mutum biyu da yaro za su auna gona guda kafin azahar. Bayan layin dutse ka dasa gamba. Ba asara ba ce, ga zana ga jinka. Karan dawa kuma kada ka kwashe duka ko ka ƙone, bar wani a kwance.

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Wajen Maradun dutse yana kusa, mutum ya tsinta a gonarsa. In ka nufi Bakura kuwa sai rairayi da tsakuwa da yumɓu, dutse ya yi wuya. Wanda ba shi da dutse sai ya yi da abin da ya ke da shi: layin gamba, da kara, da turaku.

Daga nan sai bakin kwari. Ku bar fili gefe da gefe wanda garma ba za ta taɓa ba, aƙalla taki goma daga leɓe, in ramin mai zurfi ne a ƙara. Na san wannan ita ce magana mafi ɗaci cikin darasin nan, gama ba manomin da ke son barin ƙasa. Amma wannan ƙasa ruwa ya riga ya yi mata kuɗi, in ba ka ba itace ita ba, shi zai karɓa, ya ƙara da ta bayanta. Ku kewaye filin da shinge mai rai. Aguwa da dashi da bini-da-zugu duk su kan kama daga reshe, dabba kuma ba ta damu da aguwa da bini-da-zugu ba. A ƙarshen rani a ke kafa su, gab da faɗuwar ruwa. Aguwa in an dasa ta cikin tsakar damina ruɓewa ta kan yi. Shekara biyu ko uku kada akuya ta shiga, kada wuta ta shiga. Mai bukatar ciyawa ya yanka da lauje ya kai wa dabbarsa gida.

Abin da zai biyo baya zai ba ka mamaki. Kututturen da ka ke tsammani sun mutu, yawancinsu da ransu, saiwarsu tana can ƙasa tana jira. Mutanen Maraɗi sun riga mu gane wannan. A 1983 wani baturen Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin dashen itatuwa a can yana ta shan kaye, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa ko wace shekara toho ne na tsofaffin kututture. Sai aka fara zaɓen toho biyu ko uku masu ƙarfi a ko wane gindi a bar su, a yanke sauran, a riƙa yi musu aski. Suka sa wa abin suna sassaben zamani. Bayan shekara ashirin da 'yan kai masu bincike suka ƙiyasta ƙasar da ta sake yin itatuwa ta wannan hanya a jihohin Maraɗi da Damagaram ta kai kadada miliyan 5. Ba rijiya, ba gandun reno, wuƙa ce kawai da haƙuri. Toho mai tsohuwar saiwa ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba. Sai inda babu kututture sam za ka kawo dashe, cikin watan Yuli sa'ad da ƙasa ta sha ruwa: bagaruwa, magarya, dogon yaro, da gora in wurin da damshi. Amma kada ka sa babban itace a kan leɓen gaɓa mai tsayi. In ya girma iska ta kada shi, da gaɓar zai tafi. Ciyawa da ƙananan itatuwa a leɓe, manya a ja su baya.

Kan kwazazzabo da cikinsa

Yanzu sai kan. Muddin ruwa yana faɗawa daga bisa, ba zai daina ja da baya ba. Sai a sassare shi da diga, a kwantar da shi ya zama gangare mai sauƙi wanda jaki zai iya hawa. A shimfiɗa tsakuwa, a jera manyan duwatsu bisanta tun daga gindi zuwa sama, a cusa ciyawa tsakaninsu. In babu dutse, a shimfiɗa rassa, kawunansu na duban tudu, a danne su da turaku. Waɗansu su kan haƙa lambatu a sama da kan don su karkatar da ruwa. Dabara ce mai kyau in akwai wurin kirki da za a kai ruwan, kamar fako mai dutse ko fili mai ciyawa, in kuma an nisanta lambatun da kan aƙalla ninki uku na zurfin ramin. In babu irin wannan wuri, bari. Kada ka juya ruwa gonar maƙwabcinka, ka haifi kwazazzabo na biyu da shari'a.

Cikin ramin kuwa ƙananan datsi a ke yi, da yawa, ba babba guda ba. Aikin datsi ba tsare ruwa ba ne. Ruwa ya wuce abinsa, amma ya wuce a gajiye, ya bar yashinsa a baya. Don haka ba a sa siminti, ba a toshe ƙofofin da ke tsakanin duwatsu. Tsayinsa kada ya wuce ƙafa 2 ko 3. A haƙa masa tushe cikin gindin ramin, a kuma shigar da hannuwansa cikin gaɓa dama da hagu, ƙafa 2 ko fiye, don kada ruwa ya bi ta ƙarƙashi ko ta gefe. Tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa, kamar bakin kwarya da aka ɗan fasa, ruwa ya tsallake ta nan. Abin da a ka fi mantawa kuwa shi ne shimfiɗa. Ruwan da ya tsallake datsi faɗowa ya ke yi, in ya sami ƙasa tsirara sai ya haƙe gindin datsin ya kayar da shi. Sai a shimfiɗa faffaɗan duwatsu ko rassa a wurin da zai faɗo, tsawon shimfiɗar ya kai ninki biyu na tsayin datsin.

Na itace kuwa ga yadda a ke yi. A kafa turaku layi biyu a gicciye, a cika tsakaninsu da rassan geza da ƙaya, a tattake, a ɗaure bisa. In turakun na ɗanyen dashi ne, sai su yi saiwa su zama shinge. Inda ruwa ya yi ƙarfi ƙwarai a kan zuba duwatsu cikin kwandon waya, a ɗinke bakinsa. Mutanen Keita, a jihar Tawa ta Nijar, da irin wannan kwando da layin dutse suka ɗaure kwarurrukansu, cikin wani babban aiki da aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya. Mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun nan a ka. Waya tana da tsada, aikinta kuma yana son malamin da ya iya, sabo da haka a ajiye ta sai inda babu makawa.

Nisan da ke tsakanin datsi da datsi lissafi gare shi. A kan so kan datsin ƙasa ya yi daidai da gindin na sama da shi, ramin ya zama kamar matakala. Misali, in ka auna da tiyonka ka ga gindin ramin yana sauka ƙafa 1 cikin ko wace ƙafa 20, datsinka kuma ƙafa 2 ne, to, sai ka sa su ƙafa 40 tsakani. In saukar ƙafa 1 ce cikin ƙafa 10, sai a matso da su ƙafa 20. Daga sama a ke fara jerawa, a bi ƙananan rassan ramin tukuna kafin uwar.

Datsi ba ya daɗewa. Gara za ta ci na itace cikin 'yan shekaru, na dutse ma ya kan zube. Aronsa a ka yi, kafin saiwa ta karɓi aikin. Da zarar laka ta kwanta a bayansa, ka dasa mata jema, wadda a ke saƙa faifai da ita, gama saiwarta ta kan nutse ƙwarai, ba ta kuwa tsoron ambaliya. A jera ta kusa-kusa a gicciye, tazarar yatsa huɗu ko biyar. Ƙyamro ma yana yi, da ƙiri-ƙiri a jikin gaɓa. Akwai wani tsiro mai fure kamar na dankali wanda a ke kira kashe-kwari, sunansa ma ya faɗi aikinsa, reshensa kuwa ko ina aka soka ya kama. Amma guba ne ga awaki in sun dimanci cinsa, ya kan kuma mamaye fadama da hanyar ruwa. Ni dai ba na ba da shawararsa kusa da wurin kiwo ko wurin noman rani.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwari guda ya kan ratsa gonakin mutum ashirin, in na sama ya ƙi, wahalar na ƙasa banza ce. Sai ku je wurin mai unguwa ko dagaci, a tara masu gonakin duka, a kira Ardo, gama makiyayi yana da hakki a kan burtali da mashaya, in ba a bar masa hanya ba shinge ba zai kwana ba. A yanke magana gaban shaidu: ina ne iyakar garma, wa zai yanki ciyawa, wa ke da itacen da ya girma a gefen gonar wane. Wannan ta ƙarshe kada a bar ta a duhu. Mutum ba ya renon itacen da bai tabbata zai mora ba. Sa'an nan a sa ranar gayya bayan an kai amfani gida, a tara duwatsu da turaku tun da rani. Na san a shekarun nan akwai dazuzzukan da mutum ba ya shiga sabo da 'yan bindiga. Kada kowa ya sai da ransa don datsi. Ku fara da kwarin da ke kusa da gari, shi ne ma ya fi barazana ga gidaje.

In ramin ya fi tsayin mutum biyu, ko ya kusa gidaje ko babbar hanya, ya fi ƙarfin gayya. Ku kai magana ga malamin gona da malamin daji na ƙaramar hukuma, a rubuce, da sa hannun dagaci. A ƙarshen 2021 aka amince da wani shiri mai suna ACReSAL, na gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, Zamfara tana ciki. Takardar da ta zo da awo ta fi wadda ta zo da kuka kawai samun mai karanta ta.

Awon kuwa ga shi, tun da yanzu ka iya rubutu. Kafin ruwan fari, ka kafa turke mai ƙarfi taki 20 sama da kan kwazazzabo. Ka rubuta ranar a littafinka. Bayan ko wane babban ruwa, in ƙasa ta tsane, ka je ka taka daga turke zuwa kan, ka rubuta abin da ya rage. Ka bi datsin ɗaya-ɗaya da 'yan duwatsu a kwando, inda ruwa ya fara ɓula gefe ka toshe a ranar, kada ka jira ruwa na gaba. Ka soka sanda a bayan ko wane datsi ka ga zurfin lakar da ta kwanta, shi ma ka rubuta. In kaka ta yi, ka kai littafin wurin dagaci a karanta wa waɗanda suka yi gayya.